Kayan Sallah: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa lungunan birnin Kano, ko na Zariya, ko na Katsina a cikin goman ƙarshe na watan azumi, ba ya bukatar a gaya masa cewa Sallah ta ƙarato, domin hancinsa kaɗai ma ya ishe shi labari. Tun daga bayan sallar asham har zuwa tsakar dare ƙamshin mai da sukari da citta ne ke tashi daga gidaje. Mata sun duƙufa ga kwaɓi da murji da yanka da tuya, yara kuwa sun kewaye kasko suna jiran wanda ya ƙone a miƙa musu. Haka nan ake gani a gidajen 'yan'uwanmu Kirista na Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano idan Kirsimeti ya zo, har ma a cika kwano a aika wa maƙwabta, kamar yadda su ma ake aika musu ran Sallah. Wannan al'ada ce mai kyau, kuma babu mai hankalin da zai so ta mutu. To, amma akwai wani abu da ya same ta a 'yan shekarun nan, wanda ya kamata mu tsaya mu dube shi da idon basira.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce na shiga gidaje goma sha ɗaya na 'yan'uwa da abokan arziki domin gaisuwar barka da Sallah. A cikin gidaje tara, abin da aka ajiye mini iri ɗaya ne, kamar an haɗa baki, watau cincin a faranti, da biskit na kanti, da lemon kwalba. A gida ɗaya an ƙara da dubulan. A gida ɗaya tak na ga alkaki, shi ma wata dattijuwa ce ta fito da shi daga ƙuryar ɗakinta, ta ce mini, "Ci, ɗan nan, yaran yanzu ba su san shi ba." Nakiya kuwa ko ƙamshinta ban ji ba. Na koma gida ina tunanin yadda aka yi kayan Sallar Bahaushe, waɗanda a da suke da iri-iri har mutum ya rasa wanda zai fara kai wa hannu, suka ƙanƙance suka koma abu guda.

Abin Da Iyayenmu Suke Yi

Ni ba tsoho ba ne, amma na riski kakata, Allah ya ji ƙanta, tana shirin Sallah tun watan Sha'aban bai ƙare ba, domin ta kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Nakiya take fara yi, saboda ita ce ta fi daɗewa ba ta lalace ba. Sai a jiƙa shinkafa, a tsane ta, a daka ta zama gari, a soya garin a kasko har ya yi ƙamshi, sa'an nan a haɗa shi da citta da kanumfari da masoro da kimba, a zuba masa zuma ko dafaffen sukari da man shanu, a kirɓa a turmi har ta haɗe jikinta. Nakiyar da aka yi da kyau ta kan yi watanni a cikin kwalla ba ta sauya ba, shi ya sa matafiya da mahajjatan da suka bi ta ƙasa a zamanin da suke yin guzurinta.

Bayan nakiya sai alkaki. Shi kuwa alkama ake ɓarzawa, a murje ta da mai, a kwaɓa da nono ko wani abin tsami, a rufe ta kwana, kashegari a sa ɗan ruwan kanwa, a murza shi siri-siri a naɗe, a toya, sa'an nan a tsoma cikin zuma ko ruwan sukari mai ɗan tsamiya. Daga nan sai dubulan, wanda ake murza kwaɓinsa ya yi falan-falan, a yanka a nannaɗe kamar fure. Sai gireba, wadda ba toya ta ake yi ba, gasa ta ake yi da ɗan riɗi a kanta, tana narkewa a baki tun haƙori bai taɓa ta ba. Ga kuma dakuwar aya da ta gyaɗa, ga kantun riɗi, ga tsattsafa, ga alawar madara. Cincin yana nan shi ma, amma ɗaya ne daga cikin jerin, kuma ba shi ne a gaba ba.

Mai karatu zai lura da cewa waɗannan kayayyaki ba daga buhu ɗaya suka fito ba. Shinkafa daga fadama, aya da gyaɗa da riɗi daga gona, zuma daga amya, man shanu daga ruga, alkama daga lambun rani. Ke nan farantin Sallar kakanninmu yana sa kuɗi a aljihun manomi da makiyayi da mai kiwon zuma baki ɗaya. Farantin yau kuwa, in ka ɗauke shi ka duba, fulawa ce da sukari da bota da madarar gari, waɗanda mafi yawansu sai sun ƙetaro teku kafin su iso murhunmu.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Kada wani ya ɗauka cewa ina kiran a ƙi duk abin da ya zo daga waje ne. Sunayen kayan nan da kansu suna ba da shaidar cewa Bahaushe ya daɗe yana koyo daga wasu al'ummai. Kalmar alkama daga Larabci ta zo, haka alkubus da gurasa. Alkaki shi ne "ka'ak" na Larabawa, gireba kuwa ita ce "gurayba" tasu. Fatake Larabawa na Gadamas da Tarabulus, waɗanda Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar da su zaune a Kano sa'ad da ya zo a shekarar 1851, suna cikin waɗanda suka yaɗa irin wannan girki a birane. Amma abin da iyayenmu suka yi shi ne, suka karɓi fasahar, suka sarrafa ta da amfanin gonarsu, har ta zama tasu. Koyo ke nan mai albarka.

A ƙasar Masar, inda al'adar ka'ak ta yi ƙarfi ƙwarai, har yanzu mata su kan taru a kwanakin ƙarshe na azumi su yi ka'ak mai cike da dabino ko zuma da goro irin nasu, su yi gurayba, su yi biskit iri-iri, su jera a faranti na ƙarfe, yara su ɗauka a ka zuwa gidan burodin unguwa a gasa musu. Masu tarihi sun rubuta cewa a zamanin daular Faɗimiyya, wadda ta mulki Masar daga shekarar 969 zuwa 1171, har ma'aikata ta musamman aka kafa a birnin Alƙahira, mai suna Darul Fiɗra, domin yin kayan zaƙin Sallah da raba wa jama'a. Kiristan Masar, watau Kibɗawa, su ma ka'ak ɗin nan suke yi a bikin Kirsimetinsu na ran 7 ga watan Janairu. A Sudan ma haka abin yake, kuma Hausawan da ke zaune can sun san shi sarai.

Can a arewacin Turai kuwa, a ƙasar Norwe, al'ada ta tanadi cewa uwargida ta gasa kayan zaƙi iri bakwai domin Kirsimeti. Maƙwabtansu na Suwidin su ma suna da wannan ƙidaya ta bakwai wajen karɓar baƙi, har su kan ce wadda ta kawo ƙasa da bakwai ta yi rowa, wadda ta wuce bakwai kuwa ta yi fariya. A Jamus, birnin Nuremberg ya shahara da wani biskit mai zuma da kayan ƙamshi da ake kira Lebkuchen, wanda tun shekarar 1996 dokar Tarayyar Turai ta hana a sa wa wani biskit sunan birnin in ba a can aka yi shi ba. Waɗannan ƙasashe sun fi mu masana'antu, sun fi mu kantuna, duk da haka ba su yarda kanti ya haɗiye girkin kakanninsu ba. Mu da ba mu kai su ba, me ya kai mu saurin zubar da namu?

Tarkon Alkama

Maganar ba ta tsaya ga daɗin baki ko kewar zamanin da ba. Magana ce ta tattalin arzikin ƙasa. Nijeriya tana sayo alkama daga ƙasashen waje fiye da tan miliyan 4 a kowace shekara, alhali abin da muke nomawa a gida bai kai kashi 5 cikin ɗari na bukatarmu ba. Tun daga lokacin da babban injin niƙa fulawa ya fara aiki a Apapa ta Ikko a shekarar 1962, sa'an nan kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, bakinmu ya saba da fulawa har ta zama kamar tuwo. A shekarar 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a kan wannan matsala tamu, suka kira ta tarkon alkama. Shekaru kusan arba'in ke nan, ƙafarmu tana cikin tarkon.

Ba a ce gwamnatoci ba su yi yunƙuri ba. An gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a shekarar 1974, domin noman rani a Kadawa da kewaye. An gina ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka buɗe aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi, aka kuma kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri a shekarar 1975, wadda aka ɗora wa alhakin binciken irin alkama. A watan Janairu na shekarar 1987 Gwamnatin Soja ta Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama gaba ɗaya. Manoman Kano da na sauran jihohin Arewa suka zuba himma, amma abin da aka noma bai cike giɓin ba, 'yan fasa ƙwauri suka riƙa shigo da fulawa ta kan iyakar Jamhuriyar Benin, daga ƙarshe aka janye dokar a shekarar 1992. Daga baya aka zo da shirin haɗa garin rogo cikin fulawa a zamanin Cif Olusegun Obasanjo, aka sake tayar da shi a shekarar 2012 a zamanin Dokta Goodluck Jonathan, shi ma bai yi tsawon rai ba. A watan Nuwamba na shekarar 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sabon shirin noman alkama na rani a ƙasar Haɗeja ta Jihar Jigawa. Muna fatan alheri gare shi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, alkama shukar sanyi ce. A ƙasarmu sai an shuka ta daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta sha sanyin hunturu, a kuma riƙa ba ta ruwa da hannu ko da inji har ta nuna. Manomin da ya makara, zafin watan Maris zai riski alkamarsa tana cikin zuba ido, ya tashi da ƙaiƙayi. Saboda haka ko da an yi iyakar ƙoƙari, da wuya mu noma wadda za ta ishe mu nan kusa. Kuma mun ga abin da dogaro da gonar wani yake jawowa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a watan Fabrairu na shekarar 2022, farashin alkama ya tashi a duniya. Da aka saki Naira a watan Yuni na shekarar 2023, Dalar Amurka wadda take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024. Duk matar da ta aika aka auno mata fulawa da sukari a Kasuwar Singa a wannan tsakani ta san sauran labarin, ba sai ta karanta a jarida ba.

Masar ɗin da muka yaba wa a sama, ita ma tana cikin wannan tarko, domin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama a duniya. A ranakun 18 da 19 ga watan Janairu na shekarar 1977, sa'ad da gwamnatin Anwar Sadat ta rage tallafin burodi da sauran kayan masarufi, tarzoma ta tashi a manyan birane, aka yi asarar rayuka, tilas aka janye matakin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Inda Mafita Take

A nan ne kayan Sallah suke da wani sauƙi wanda burodi ba shi da shi. Abin da ya sa alkama ta gagari sauran hatsi wajen burodi shi ne wani danƙo da ke cikinta, wanda ke riƙe iskar yis har kwaɓi ya kumbura ya tashi. Dawa da gero da shinkafa da rogo ba su da wannan danƙo, shi ya sa burodinsu yake yin nauyi. Amma cincin da gireba da biskit ba kumburi ake nema a gare su ba, garas-garas ake so, yawan danƙo ma tauri yake sa su, kamar yadda duk macen da ta cika murza kwaɓin cincin ta sani. Ashe ke nan ana iya surka fulawa da garin shinkafa, ko na farar dawa, ko na acca, ko na rogo, a sami abu mai daɗi a kuɗi kaɗan. Nakiya da dakuwa da kantu kuwa ko cokali ɗaya na fulawa ba sa bukata. Alkaki kuma alkamar gida yake so, wadda manomin Kura ko na Haɗeja zai sayar a mudu a kai inji a ɓarza, ba sai ta bi ta wani babban kamfani ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san akwai masu cewa wannan magana ce ta namiji wanda bai taɓa riƙe taɓarya ba. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Aikin nakiya da alkaki aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi, matan yau kuwa da yawansu malaman makaranta ne, ko ma'aikatan asibiti, ko 'yan kasuwa, ga azumi a baki, ga girkin buɗa-baki da na sahur. Bai kamata a ƙara musu kaya a ce al'ada ce ba. To, amma kakanninmu ma ba mace ɗaya ce take yin iri bakwai ita kaɗai ba. Gayya ake yi. Matan gida da na maƙwabta su kan taru yau a wannan gida, gobe a wancan, wannan ta ƙware a alkaki, waccan a dubulan, a gama a raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gidaje biyar suka yi shawara kowanne ya ɗauki iri ɗaya ya yi da yawa, sa'an nan a yi musaya, kowane gida zai tashi da iri biyar da wahalar iri ɗaya. Ga injin niƙa ya ɗauke wa mata rabin daka. Samari da magidanta kuma babu abin da zai rage musu in sun kama kirɓi ko kai niƙa. Wadda kuwa ba ta da hali sam, to, ta saya wurin matan unguwa masu wannan sana'a, kuɗin su zauna a unguwa maimakon su tafi ƙetare.

Akwai kuma masu cewa zaƙi da maiƙo cuta ne, musamman yanzu da ciwon sukari da hawan jini suka yawaita. Wannan ma gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincinsa, watau wajen ƙaramin cokali 12. Alkaki da nakiya ba su kuɓuta daga wannan gargaɗi ba. Amma wanda aka ba shi curin nakiya ɗaya da alkaki biyu ya kan ƙoshi ya ture faranti, wanda aka ajiye wa bokitin cincin kuwa sai ya yini yana watsawa a baki yana korawa da lemon kwalba bai sani ba. Yawan iri ba shi ne yawan ci ba. Haka kuma ya kamata mata su daina maimaita tuya da man da ya riga ya yi baƙi saboda tsimi, domin tsimin da zai kai mutum asibiti asara ce.

Abu na uku shi ne fariya. Muna jin labarin gidajen da ake cin bashi domin a cika bokitai, don kada kishiya ko faccala ta fi, har ma a kai ga rikici tsakanin miji da mata a kan kuɗin fulawa. Irin wannan ne Bahaushe ya gani ya ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Abin da nake kira a kai shi ne kaɗan-kaɗan daga iri-iri, gwargwadon ƙarfin mai gida, a ci, a ba baƙo, a aika wa maƙwabci da maraya.

Kira Ga Hukuma Da Jama'a

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatun Ilmi na jihohi da su sa waɗannan girke-girke cikin darasin tattalin gida a makarantun 'yan mata da na maza, maimakon a ɓata zango guda ana koya wa yaran Kazaure da Gumel yadda ake kek irin na Ingila kaɗai. Ma'aikatun Harkokin Mata da cibiyoyin koyon sana'a su nemo tsofaffin da suka ƙware, su biya su ladan koyarwa, a kuma rubuta awon kowane girki da mudu da gwangwani tun masu shi suna raye, domin abin da ke cikin kai kaɗai ya kan bi mai shi kabari. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta Maiduguri su fitar da bayani cikin Hausa mai sauƙi a kan yadda ake surka gari, a watsa a gidajen rediyo kafin azumi ya kama. Hukumomin da ke ba da rancen ƙananan sana'o'i kuma su tuna da mata masu alkaki da dubulan, waɗanda kasuwarsu ba ta tsaya ga Sallah ba, tun da yake har gobe ba a kai garar amarya sai da su.

Amma kafin hukuma ta motsa, kowane gida yana da abin da zai iya. Uwar da ta iya alkaki ta zaunar da 'yarta kusa da kasko a bana. Wadda ba ta iya ba ta je wurin surukarta ko gwaggonta ta tambaya, ba abin kunya ba ne. Mai gida kuma idan zai yi cefanen Sallah, ya rage mudun fulawa biyu, ya auno shinkafar gida da riɗi da aya da kwalbar zuma. Ni dai na riga na koma wurin dattijuwar nan da ta ba ni alkaki, na roƙe ta ta koya wa iyalina, ta kuwa amsa da murna, ta ce mu zo da alkama mudu biyu tun watan Sha'aban.

Allah ya kai mu Sallar da rai da lafiya, ya ba manomanmu damina da rani masu albarka, amin.